Askin da Ya Tara 'Yan Makoki a Nyalenda

Ranar da Owiti ya yanke shawarar zama mai aski, ko sau ɗaya bai taɓa riƙe injin aski a hannunsa ba, kuma hakan bai dame shi ba ko kaɗan. Mutumin da ya yi shekaru a ɗakinsa na Nyalenda, a gefen birnin Kisumu, yana rubuta wa Turawa yadda ake kankare ƙanƙara daga rufin gida, alhali ƙanƙarar da ya taɓa gani ita ce ta firjin mai sayar da lemo, ai ba gashin kan mutum ne zai tsorata shi ba. Ya rubuta yadda ake horar da kare a Kanada. Ya rubuta cututtukan kofaton doki. Duk ta intanet ake aiko masa, ya leƙa nan ya leƙa can, ya zuba rubutu kamar a cikin sana'ar aka haife shi, a biya shi gwargwadon yawan kalmominsa. Sai ga shi na'urori sun koyi rubutu, masu ba shi aiki suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ko sallama babu.

Da shi kaɗai abin ya shafa, da ya ci ugalinsa, wato tuwon masara, da ganye ya yi shiru. To amma akwai Apondi, wadda yake so kamar ransa, kuma akwai mahaifinta Jaduong Agola, tsohon shugaban makaranta. Ranar da Owiti ya je gaisuwa, tsohon ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Yaro, na tambayi unguwa aikinka, an ce shiga ɗaki kake yi ka rufe ƙofa. Ba na ba da 'yata ga sana'ar da ake rufe wa ƙofa. Ka nemi aikin da zan wuce in gan ka kana yi, sannan ka turo manyanka."

Ana cikin haka matar Festus ta haihu a Homa Bay. Festus ɗan kawun Owiti ne, mai shagon aski a bakin titi, kuma dole ya tafi ya ga jariri.

"Rufe shagon zan yi sai na dawo," in ji Festus.

"Ka rufe ina nan?"

"Omera, ɗan'uwa, kai ka iya aski ne?"

"Ka ji ka da wata magana. Na iya koyo, wanda shi ne uban kowace sana'a. Marubuci mai zaman kansa in ka ba shi jirgin ruwa da safe, kafin yamma ya kai shi Uganda. Abu uku ne kawai: ka yi bincike, kada ka taɓa ce wa abokin ciniki ba ka iya ba, sannan ka sani kowane aiki daftarin farko ne. In bai yi ba, a gyara. Ni gyara kyauta nake yi, sau nawa ma."

Nyar Alego, mai suyar kifi a gefen shagon, ta juya kifinta cikin kasko ta ce, "Festus, ka ba shi makullin. Na daɗe ban yi dariya ba."

Festus yana sauri kada mota ta bar shi, ya miƙa makullin, yana tafiya yana waiwaye.

Washegari Owiti ya buɗe shago da farar riga irin ta likita da ya aro. Ya kalli bidiyon aski a wayarsa yana shan shayi, ya gyaɗa kai, ya ce ashe abin ma bai kai labarin kofaton doki wuya ba. Na farko da ya shigo shi ne Kefa, ɗan boda-boda, wato ɗan acaɓa, ya cire hular kwano ya zauna.

"Ina Festus?"

"Ya tafi ganin jariri. Ni ne sabon sashen gudanarwa. Wane irin salo kake so?"

"Ka ɗan rage gefe kawai. Kada ka taɓa sama."

Injin ya yi ƙara, ya yi tsalle a hannun Owiti, ya buɗe titi daga kunnen Kefa na dama har tsakar kai. Kefa ya dubi madubi, ya dubi Owiti.

"Mene ne wannan?"

"Daftarin farko ne. Kada ka yanke hukunci a kan daftarin farko."

"Na ce kada ka taɓa sama."

"Na karɓi wannan gyaran. Bari in daidaita da hagu."

Hagu ya wuce dama. Aka koma dama, ya wuce hagu. A gyara na huɗu ko na biyar, Nyar Alego ta bar kaskonta ta zo bakin ƙofa da matsamin kifi a hannu ta ce, "Owiti, ka bar masa kunnuwan, da su yake jin hon." Da aka gama, kan Kefa ya fito tas yana sheƙi. Ya shafa, ya yi ajiyar zuciya, ya mayar da hular kwanonsa, ya ce Allah ya so shi sana'arsa ta rufe kai ce.

"Ka ga? Abokin ciniki ya tafi bai yi ƙorafi ba," in ji Owiti.

"Bai biya ba kuma," in ji Nyar Alego.

Haka aka yi ta yi har ƙarshen mako. Wanda ya zo gyaran gemu ya fita ba gemu. Wanda ya zo a fitar masa da layin goshi ya fita goshinsa ya kai ƙeya. Kowane salo aka nema, a wuri ɗaya gyaran Owiti yake tsayawa, don a nan gashin yake ƙarewa. Shi kuwa ya sa wa salon suna, wai Taƙaitaccen Bayani, har ya rubuta da alli a jikin ƙofa.

Ran Asabar da hantsi Jaduong Agola ya shigo da sandarsa.

Duk Nyalenda ba wanda bai san gashin Jaduong ba. Fari ne fat, cunkus kamar tulin auduga, da tsaga a gefen hagu wadda ake cewa tun yana malamin aji take nan. Tun da aka aske shi bayan jana'izar mahaifinsa, shekaru aru-aru, reza ba ta sake ganin fatar kansa ba. Festus almakashi kawai yake ɗan bi da shi ta baki-baki. Gobe kuma Lahadi, shi zai jagoranci mawaƙan coci a gaban babban baƙo.

"Kai ne a nan?" in ji tsohon.

"Ni ne, Baba. Ga ƙofa a buɗe, ga ni ina aiki, kamar yadda ka ce."

Tsohon ya dubi farar rigar, ya dubi madubi, da alama abin ya ɗan burge shi. "To, madalla. Baki-baki kawai. Festus ya san yadda nake so."

"Ya yi mini cikakken bayani," in ji Owiti, wanda ba a yi wa bayanin komai ba.

Jaduong ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya harɗe hannuwa a ciki, ya lumshe ido. Ɗabi'arsa ce, da zarar an yafa masa ƙyallen aski sai barci. Owiti ya ɗauki almakashi, ya ajiye. Almakashi kayan masu ƙaramin buri ne. Yau ce ranar da zai nuna wa surukinsa abin da ilimi yake yi wa sana'a, don haka ya ɗauki inji.

Injin ya nutse cikin audugar nan ya fito da rami.

Owiti bai firgita ba. Ya taɓa aika wa wani Bature rubutun abincin kyanwa a madadin na inshorar mota, kuma an gyara. Ya faɗaɗa ramin don kada a gane rami ne. Ya yi masa ɗan'uwa a ɗaya gefen. Yana tsakiyar haɗa su biyun aka ɗauke wuta, injin ya yi shiru da guntun farin gashi a bakinsa.

Nyar Alego ta leƙo, ta ga rabin kan tsoho a waje, ta dafe ƙirji. Ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Ɗan nan, ka gudu. Zan ce ban gan ka ba."

"Marubuci ba ya barin aiki a rabi, Mama. Ranar miƙa aiki ranar miƙa aiki ce."

Ya ɗauko reza da sabulu. Gaskiya a wannan karon ya yi aiki mai tsabta, ko ƙwarzane babu. Da Jaduong ya farka ya mayar da tabarau, sai ya ga wani baƙon tsoho mai manyan kunnuwa yana kallonsa daga madubi. Ya ɗaga hannu, baƙon ya ɗaga. Ya shafa kansa. Hawaye suka taru masa, ya tashi, ya manta sandarsa, ya fita cikin rana.

"Baba, in akwai gyara, kyauta ne," Owiti ya faɗa daga bakin ƙofa.

Tsakanin shagon da gidan Jaduong tafiya ce 'yar kaɗan, amma ta gaban masu sayar da tumatir take bi. Matan suka ga tsoho kai a aske tas, ido jawur, an gaishe shi bai amsa ba. A al'adarmu ta nan, dattijo irin wannan ba ya aske kai haka kawai, sai an binne wani nasa na jiki. Kowa kuma ya san matarsa, Min Apondi, wato uwar Apondi, ta tafi ƙauyensu a Ugenya tun farkon wata tana tari, 'yarta ta raka ta.

"Min Apondi ce," in ji mai tumatir ta farko.

"Har an binne an yi aski, ba a gaya mana ba?"

"Dama mutanen Ugenya haka suke, rowar makoki gare su."

Kafin tsohon ya gama kulle kansa a ɗaki, mace ta farko ta ɗora hannu a ka ta tsala kuka tun daga bakin titi. Kafin azahar an kafa rumfa a ƙofar gida, an kwaso kujerun coci, an ɗora tukunyar shayi. Jaduong ya ɗaura tawul a ka ya leƙo ta taga yana cewa ba wanda ya mutu, amma kuka ya danne muryarsa, waɗanda suka ji kuma suka girgiza kai suka ce baƙin ciki ya taɓa shi.

"Wa ya gaya muku ta mutu?" ya tambayi wani dattijon coci.

"Haba Jaduong, kowa ya sani."

Tsohon ya kira wayar matarsa, a kashe. Ya kira ta Apondi, ba ta shiga. Ya dubi yawan mutanen da ke kuka, cikinsu har da masu hankali, sai shi ma ya yarda. Ya fito ya zauna a kujera, tawul ya zame, ya fara kuka shi ma.

Labari ya iske Owiti yana share farin gashi a shago. Da farko tausayin Apondi ya kama shi. Sannan ya tsaya da tsintsiya a hannu, fuskarsa ta washe a hankali.

"Mama, kin gani? Ashe ba askin ne ya sa shi hawaye ba."

"Me kake nufi?" in ji Nyar Alego tana ɗaura ɗankwali.

"Mutum ya shigo da makoki a zuciya, bakinsa ya ce baki-baki, amma ni na karanci abin da yake bukata. Wannan shi ake kira fahimtar abokin ciniki. Ba a koyar da shi a shagon aski."

Nyar Alego ta buɗe baki za ta yi magana, ta tuna da idonta ta ga yadda askin ya lalace tsoho yana barci, ta kuma tuna ba a fasa zuwa makoki saboda shakka. Ta rufe kaskonta suka tafi.

A ƙarƙashin rumfa ana neman wanda zai faɗi tarihin marigayiya, don danginta duk suna ƙauye. Owiti ya miƙe da farar rigarsa. Sau biyu ya taɓa ganin matar, a ɗaya daga ciki ma ta taga ta kore shi. Amma wanda ya rubuta kofaton doki ba zai rasa abin faɗi a kan surukarsa ba. Ya tambayi na kusa da shi sunan ƙauyensu da shekarunta, ya ce binciken ya wadatar.

Ya fara da daren da aka haife ta, wai ruwan sama ya tsaya cak don girmamawa. Ya bi ta rafi da tulu a ka, ya kai ta makaranta ba takalmi. Mutumin da aka saba biyansa da yawan kalma bai san hanyar gajarta zance ba, duk inda kalma ɗaya za ta isa sai ya sa mata 'yan rakiya uku. Mata suka riƙa kuka da gaske.

"Mace ce mai sanyin murya," in ji Owiti, "wadda ba a taɓa jin ta ɗaga harshe ba."

"Min Apondi?" in ji Nyar Alego daga kujerarta. "Wadda in ta kira kaza a Nyalenda ake amsawa a bakin tafki?"

"Cikin zuciyarta nake nufi, Mama. Mace ce da ta riƙe mijinta kamar ƙwai. In ta dafa kifi, ita ke cin ƙaya ta bar masa tsoka."

Jaduong ya ɗago jiƙaƙƙiyar fuska. Bai tuna an taɓa yin haka ba, amma ya fashe da sabon kuka.

Daidai nan babura biyu suka tsaya a bayan rumfa. A na gaba Kefa ne, ya ɗauko wata mace mai jiki, da buhun masara a cinya da zakara a hammata. A na baya Apondi ce. Matar ta sauko ta tsaya a bayan masu kuka, ta ji ana ambaton ƙauyensu, ta ji sunan mahaifinta. Ta taɓa kafaɗar wata mai tumatir.

"Wa ya mutu?"

Mai tumatir ta waiwayo, ta yi ƙara ɗaya, ta bi ta kan kujeru. Rumfa ta watse. Tukunyar shayi ta kife, dattijon coci ya shige bayan tankin ruwa, zakara ya kuɓuce ya bi ta tsakanin ƙafafun mutane. Owiti kuwa idonsa a rufe, hannu a sama, yana cikin sakin layi na ƙarshe.

"Ba za mu sake ganin irinta ba," in ji shi, ya buɗe ido ya gan ta a gabansa.

"Ci gaba," in ji Min Apondi, da muryar nan da ake ji a bakin tafki. "Ka tsaya a ƙaya."

Jaduong ya taso ya riƙe hannunta. "Kina da rai? Wayarki fa?"

"Ba caji, ƙauyenmu wuta gare shi? Kai kuma wa ya mutu maka ka aske kai kamar gwanda?"

Kowa ya dubi kan tsohon. Kefa ya cire hular kwanonsa, rana ta haska kansa. "Ni ma ba wanda ya mutu mini," in ji shi. Can cikin taron wani ya cire hula, wani ma ya cire. Kawuna masu sheƙi suka bayyana nan da can, kuma duk suka juya wuri ɗaya.

Owiti ya gyara wuyan farar rigarsa. "Jama'a, a duba abin da idon basira. Jawabin nan daftarin farko ne. Abin da za a canja kaɗan ne, duk inda na ce ta rasu..."

Dariya ta hana shi ƙarasawa. Waɗanda suka gudu suka dawo suna riƙe ciki. Apondi ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa, shi kuwa bai san ko kuka take ko dariya ba, wannan ne ma ya fi tsorata shi. A karon farko tun da ya karɓi makullin Festus, ya ja da baya.

Min Apondi ce ta tsawatar. Ta zauna a kujerar da aka tanadar wa fasto, ta ce a sake ɗora shayi tunda an riga an taru. Ta nuna mijinta da baki. "Mutumin nan tun da ya kawo shanun sadakina gidanmu bai taɓa cewa girkina ya yi daɗi ba. Yau na ga ya yi mini kuka da majina, na kuma ji abin da za a faɗa a kaina. Yaron nan maƙaryaci ne, amma ƙaryarsa tana da daɗin ji. Ranar da na mutu da gaske shi zai yi magana."

"Ni ma ka riƙe mini rana," in ji Nyar Alego. "Amma ka ce siririya ce ni."

Nan take dattijai biyu suka ja shi gefe suna tambaya ko yana zuwa jawabin makoki har Siaya. Owiti ya ji ƙarfinsa ya dawo, ya matso gaban Jaduong ya rusuna.

"Baba, ka gani da idonka. Sana'a a fili, gaban jama'a, ba ƙofa ma balle a rufe. In turo manyana?"

Tsohon ya shafa kansa a hankali, daga goshi har ƙeya. Ya tuna gobe Lahadi.

"Kai ka ce kowane aiki ana gyara shi, ko?"

"Kyauta ma, Baba."

"To gyara wannan. Ranar da gashina ya koma yadda ka same shi, da tsagarsa, ka turo su."

Festus ya dawo ya karɓi makullinsa, ya goge allin ƙofa da hannun riga, bai yi wa ɗan'uwansa magana ba har jaririn ya fara zama. Owiti kuwa ya samu aiki, kusan duk Asabar yana wani ƙauye yana sa mutane kuka a kan mamatan da bai taɓa gani ba. Sai dai gashin tsoho ba ya sauri. Kullum da safe Owiti yana zuwa gaisuwa, yana durƙusawa, amma idonsa ba ya kan fuskar surukinsa, yana can sama yana duba amfanin gona. Apondi ta ce in ya ga dama ya riƙa zuwa da abin ban ruwa.

Ita wasa take yi. Ran nan sai ga shi da kwalba a hannu, cike da wani abu mai warin albasa da man kaɗanya.

"Baba, na yi bincike," in ji shi yana kwance murfin. "Daftarin farko ne, amma..."

Jaduong Agola, da shekarunsa da ciwon gwiwarsa, ya danna hula a ka ya fita ta ƙofar baya, ko sanda bai tsaya ɗauka ba.